Kawuna da Busasshen Dutse

Kafin injin niƙa ya shiga kowane lungu na Nasarawa, kawuna ne ke koɗa wa matan unguwa dutsen niƙa. In dutse ya yi santsi ya daina cin hatsi, sai a aika masa. Yakan zauna ya miƙe ƙafafu, ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa dutsen, ya yi ta sara. Daga amon nan yake gane inda ya ci da inda bai ci ba. Har yau ban ji kiɗan da ya fi wannan daɗi da hantsi ba.

Da injin ya ƙwace sana'ar, sai ya koma fasa wa magina tsakuwa a Gwadangaji. Lokacin ina koyarwa a Argungu, na karanta littafi uku da rabi, ina ganin ba abin da ya shige mini duhu. Wata Asabar na same shi fari fat da garin dutse, har gira.

Na ce, "Kawu, a riƙa zuba wa dutsen ruwa mana. Garin nan in ya shiga huhu ba ya fita."

Ya ce, "Malam, jiƙaƙƙen dutse ba shi magana. In ban ji shi ba, ta ina ni ka sara? Kuma kullum sai na sha nono, shina wanke ƙirji tas."

Na zana masa a ƙasa: ga hanyar abinci, ga hanyar iska, ba sa haɗuwa. Ya duba da kyau, ya yaba zanen, ya ƙara nono.

Tarin ya zo a hankali. An yi ta ba shi maganin tarin fuka bai ji ba, sai da hoton ƙirji ya nuna tabon da likita ya ce ba ya goguwa. Abin da ya dami kawu ɗaya ne: kada ya rasa jam'i. Masallaci bai fi jifa biyu ba, amma sai ya tsaya sau uku. Don kada a ce ya gaza, yakan mai da kowace tsayawa gaisuwa, ya tambayi lafiyar iyali, da shinkafar Zauro, da awaki ɗaya bayan ɗaya.

Maƙwabta suka gane. Kowa dai ya fito da benci ƙofar gida, liman kuma ya koyi jan ƙafa kafin a ta da iƙama. Haka kawu ya yi shekara biyu yana samun raka'ar farko. Allah ya jiƙansa.