Keken da Baba Bai Taɓa Ji Ba

Baba ya makance a shekarunsa na ƙarshe, amma kunnensa ya fi idon mutane da yawa aiki. Gidanmu yana bakin hanya, a ƙauyen da ake ratsawa idan an baro Gaya za a yi wajen Ajingi. Kullum bayan sallar asuba yakan zauna a ƙofar zaure a kan buzunsa yana lazimi har hantsi, kuma a wannan zaman ba a yi masa magana. Ko sallama ba a yi. Gaisuwarmu ta safe, mu 'ya'yansa masu wucewa a kan babur, ita ce mu kashe inji a gindin tsamiyar da ke gabas da gidan, mu sauka mu tura har rijiyar da ke yamma, sannan mu tayar. Idan ya ji injin ya mutu a tsamiya, sai ya ɗaga hannunsa na dama da carbi a ciki, ba tare da ya katse abin da yake karantawa ba. Na yi shekaru ina fara wunina da wannan hannun, kuma ban san yadda na dogara da shi ba sai da ya daina tashi.

Baba ya san muryar kowane babur. Nawa tsoho ne, salansar ta fashe, kuma yana da wani tari da yake yi idan an sa giya ta biyu. Baba yakan tsokane ni ranar Juma'a, ya ce in kai shi asibiti a duba masa ƙirji.

Ina koyarwa a wata firamare can wajen Toranke, ina zaune a Gaya. Da man fetur ya fi ƙarfin irinmu, albashina ya koma hayaƙi a kan hanya tun wata bai raba ba. Sai na yanke shawarar in sayar da babur ɗin in sayi keke mai caji. Yayana, wanda nake bi, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya samo mini mai saye, wani mutumin Kademi mai raba burodi a shaguna. Shi ya yi dillancin, shi ya sa albarka a cinikin, har la'adarsa ya ci. Na gaya wa Baba na sayi keken lantarki na rabu da babur, ya ce to, Allah ya sa albarka. Daga baya na gane rabin maganar kawai ta zauna masa, ya ɗauka ƙari na yi.

Yaya mutum ne da bai taɓa ganin sabon abu a hannuna ya yi barci mai daɗi ba. Tun muna yara, idan aka ɗinka mana riga, sai ya auna hannun tawa da tasa. Ba a jima ba ya shiga Kano ya dawo da nasa keken, kuma da gani ka san ya shiga shagon ne ya ce a ba shi wanda ya fi na ƙanensa girma.

Nawa siriri ne, baƙi, da feda ta gaske da sarƙa. Batirinsa ana zare shi, bai fi sinƙin burodi girma ba. Ina isa Toranke sai in miƙa wa mai cajin waya da sola, in karɓa idan an tashi daga makaranta. Idan caji ya ƙare a hanya, ƙafata tana nan, in taka in iso gida da gumi. Na Yaya kuwa ja ne, da madubai biyu, da fitilu har a gefen taya, da mukulli mai danne-danne. Batira ne jere a ƙarƙashin kujera, masu nauyin buhun gero, ba a cire su, sai dai a kai keken gaba ɗaya wurin wuta. Fedar da aka maƙala masa ta ado ce, ko ɗan akuya ba za ta ja ba. Abin da ya fi yi wa Yaya daɗi shi ne wata 'yar lasifika da ke yin kukan babur na ƙarya idan an murɗa totur, kuma idan aka ja keken da baya sai wata mace ta yi ta surutu da Sinanci.

A majalisa ba ya gajiya da kwatance. Nawa keken 'yan makaranta ne, nasa na magidanta. Nawa ba ya ɗaukar mutum biyu, nasa har da buhu. Nawa yana tafiya sumul kamar na ɓarawon kaji, nasa ana jin zuwansa. Nakan ce masa abin da ake jin zuwansa rediyo ce ya saya mai taya. Mutane su yi dariya, shi ma ya yi, amma dariyarsa a haƙori take tsayawa.

Ranar da abin ya ɓaci, ranar kasuwa ce, an yi ruwa da daddare, hanya cike da mutane da shanu da amalanke. Yaya yana da shago a Ajingi, gidansa kuma yana ƙarshen ƙauyenmu, don haka hanyarmu ɗaya. Na same shi a tsakiyar wani kwari mai yashi, cajinsa ya ƙare ƙaf, saboda kwana biyu ba rana sosai, solar masu caji ba ta da ƙarfi, kuma batiransa ba sa ƙoshi da wuri. Yana turawa gaba ya ƙi, idan ya ja da baya don ya sake hanya sai matar nan ta ɗauki surutu. Matan Fulani masu tallan nono sun ajiye ƙwarya suna kallo. Na tsaya na ce ya kawo igiya in ja shi. Ya ce in wuce. Na ce to ko ya roƙi matar da ke ciki ta fito ta taya shi turi. Kowa ya ji, kowa ya dara, ni ma na dara har da riƙe ciki, kuma har yau ban ga laifin wannan dariyar ba. Shi ya fara, shekara da shekaru.

Tun ranar da na fara hawa keken, ban fasa sauka a tsamiya ba ko sau ɗaya. In sauka, in tura, in wuce ta gaban Baba, in hau a rijiya. Amma ba injin da zai mutu, don haka babu abin da zai ji, kuma yashin wurin yana shanye takun ƙafa. Hannun bai tashi ba. Na taɓa yin gyaran murya, ya ɗaure fuska, domin a wurinsa wannan katse lazimi ne. Ƙararrawa kuwa ba a kaɗa wa uba, sai awaki. Na haƙura, na ce ai ya san da ni. Yaya kuma, da rediyonsa mai taya, yana zuwa tsamiya sai ya danna ya kashe kukan ƙaryar, Baba ya ɗaga masa hannu. Wannan kaɗai ya ishe ni takaici.

Abin da ban sani ba shi ne mai burodin nan ya sami sababbin shaguna a wajen Ajingi, ya fara bin hanyarmu kullum da safe, jim kaɗan bayan na wuce. Shagon Yaya ne na farko da ya fara karɓar burodinsa, kuma ni ban yarda haka kawai abin ya faru ba. Mutumin baƙo ne, bai san tsamiya ba, bai san rijiya ba. Yana zuwa da akwatin burodinsa a baya, a kan tsohon babur ɗina, ya sa giya ta biyu daidai ƙofar zaure saboda yashi, babur ya yi tarin nan nasa, ya wuce da ƙara. Kullum Baba yana zaune yana jin ɗansa yana keta masa lazimi da totur.

Baba mutum ne mai haɗiye abu. Ya daɗe yana haɗiyewa, ni kuma ina ganin ya rage sakin fuska ina cewa jiki ne. Sai wata Juma'a na kai masa dabino, ya ƙi miƙo hannu. Yaya yana zaune a gefe yana danna waya.

Baba ya ce, “Idan ka yi girman da ba za ka iya kashe inji a ƙofata ba, ka sake hanya. Kada ka ƙara bi ta nan.”

Na rantse masa babur ɗin ya bar hannuna tun kafin damina, na ce kullum ina sauka ina turawa, kekena ne ba ya ƙara. Ya ce kunnensa bai taɓa yi masa ƙarya ba, ya san tarin babur ɗin kamar yadda ya san nawa. Sannan ya juya wajen da yake jin numfashin Yaya, ya ce shi mai ido ne, ya faɗa masa gaskiya.

Yaya bai ko ɗago kai daga wayar ba. Ya ce, “Ni dai Baba ban san ya sayar ba. Yadda kake jin sa, haka nake ganin sa.”

Na kalli mutumin da ya riƙe hannuna da na mai saye ya ce Allah ya sa albarka. Ban taɓa tsanar wani mahaluki kamar yadda na tsane shi a wannan lokacin ba. Saboda dariyar kwari guda ya sayar da ni a gaban mahaifinmu, makaho, wanda ba shi da hanyar dubawa.

Na tashi da niyyar in je in ɗauko mai burodin da babur ɗin in tsayar da su a gaban Baba. Inna ce ta tare ni a tsakar gida, don ta ji komai ta bayan zaure. Ta san gaskiya, ta kuma san ɗanta. Amma ta ce ba za a kawo baƙo gidan nan ya ƙaryata babban ɗa a gaban ubansa ba, kuma tsohon nan zuciyarsa ba ta da ƙarfin ɗaukar wannan, likita ma ya ce a daina tayar masa da hankali. Ta ce idan na yi, ita ce ba za ta yafe mini ba. Na tambaye ta ni kuma fa, ta ce ni ne ƙarami, in yi haƙuri. Wannan kalmar tun ina goye ake ɗura mini ita.

Na yi kwanaki ina zagayawa ta bayan gari, ta cikin gonakin gero, kamar yadda aka umarce ni. Babur kuwa bai fasa wucewa ba, don haka a kunnen Baba na ƙara da taurin kai a kan rashin kunya. Daga ƙarshe na sami mai burodin a gidan burodi a Gaya, yana ɗaure akwati. Na yi masa bayani tun daga tsamiya har rijiya. Da farko ya yi dariya, da ya ga fuskata ya daina. Ya ce akwatin da nauyi, wurin kuma yashi ne, turin ba wasa ba ne. Ya ja igiya ya ƙulle, sannan ya ce shi ma nasa uban yana da rai, gobe in jira shi a tsamiya.

Da safe na jira shi. Ya iso, ya kashe inji daidai gindin bishiyar, ya sauka. Ya kama kan babur, ni na sa hannu ɗaya a akwatin ina taya shi, ɗaya hannun yana jan kekena. Muka wuce ta gaban zaure ba mai cewa uffan. Baba ya ɗan karkata kai yana saurare, leɓɓansa ba su tsaya ba. Sai hannun ya tashi, da carbin, ya daɗe a sama fiye da yadda ya saba. Fuskarsa tana kallon wajen babur ɗin, inda baƙon yake. Ni ina baya ina share ido da kafaɗa.

Haka muka ci gaba da yi. Mutumin nan bai taɓa fasawa ba, ko ranar da na makara shi yakan sauka ya tura shi kaɗai, kuma bai taɓa karɓar ko ruwan sha a hannuna ba. Juma'ar da ta biyo baya Baba ya karɓi dabinon. Ya laluba ya kamo hannuna ya riƙe.

Ya ce, “Na ji ka dawo hanya. Na yafe maka, Allah ya yi maka albarka.”

Yaya daga gefe ya ce alhamdulillahi, ai dama yaro sai da nasiha. Na ce amin, na haɗiye sauran. An yafe mini laifin da ban yi ba, a gaban wanda ya ƙaga shi, kuma na yi godiya.

Baba ya rasu kafin a yi girbi, yana tafe da wannan labarin a ransa, cewa ƙaramin ɗansa ya taɓa fanɗarewa ya dawo. Wannan ne abin da ba zan iya gyarawa ba, kuma shi ne abin da na kasa yafe wa Yaya. Muna gaisawa a wurin suna da jana'iza saboda Inna. Batiran kekensa sun kumbura tun bara, yana jingine a zaurensa, kaji suna kwana a kan kujerar. An ce yana neman wanda zai saya, har ya aiko a tambaye ni ko na san mai gyara a Kano. Na ce a gaya masa ban sani ba.

Nawa yana nan yana kai ni Toranke yana dawo da ni. Har yanzu idan na zo tsamiya nakan sauka in tura har rijiya, ko da yake babu kowa a ƙofar zauren. Gidan Yaya yana bakin hanya kafin a kai tsamiya, kuma sau da yawa yana zaune a waje idan na zo wucewa. Nan ba na sauka.