Takardar da Malam Tsoho ya zana a kan ruwa

Wata Alhamis a watan Sha'aban na shekarar 2004, ina bakin kanal ina korar tsuntsaye daga shinkafarmu, aka ce in zo kakana Malam Tsoho yana kira. Na tarar da shi a zaure da faranti cike da yauƙin kuɓewa a gabansa, har na zaci miyar kakata Inna ya sato. A daminar nan ruwa ya shiga ɗakinsa, ya jiƙa bangon Alƙur'anin da ya gada wurin mahaifinsa. Rubutun ya tsira, amma takarda mai ado da ke manne a cikin bangon gaba ta lalace. Ga shi Yaya Sabi'u zai yi sauka kafin azumi, kuma shi aka yi wa alkawarin littafin. Tsoho ya rantse ba zai miƙa shi tsirara ba.

Mahaifinsa ne ya koyi aikin wurin wani Balarabe a birni, kuma a iya sanina, daga Kura har Bunkure babu wanda ya iya sai Tsoho. Ba a kan takarda ake zanen ba, a kan ruwa ake yi. Akan tace yauƙin ya kwana, a dama shuni da jan karan dafi da baƙar tawada, a ɗiga wa kowanne maɗaciyar bijimi don ya bazu maimakon ya nutse. In an yayyafa launi a kan yauƙin aka bar shi haka, sunansa tsakuwa. In an ja tsinken tsintsiya a kai, ya zama gashin zabo, in kuwa matajin itace aka bi da shi, sai ya fito kamar kitso. Warin maɗaciyar nan ya kori kowa daga zauren, har kajin Inna.

Matsalar ita ce tsohuwar takarda mai kauri guda ɗaya ta rage masa, hannunsa kuma ya fara rawa. Ya gama zanen gashin zabo, ya ɗauki takardar, ya ajiye, ya dube ni. "Amaryata, zo ki ara mini hannu. Tsakiya za ki fara sawa, sannan ki saki gefe a hankali." Na ce ai ni kishiyar Inna ce, ba 'yar aiki ba, amma na karɓa. Na ɗora, muka ɗaga, launi ya kama gwanin sha'awa, sai dai iska ta maƙale a ƙasa ta bar farin tabo kamar ƙwayar wake. Na fashe da kuka. Tsoho ya buɗe bangon baya wanda ruwa bai taɓa ba, ya nuna mini wani farin tabo da ya fi nawa girma. "Wannan nawa ne, ina kamar ke. Babana bai cire shi ba." Haka aka manna tawa, Yaya ya yi saukarsa.

Yanzu bangon roba ake sayarwa a kasuwa, ruwa ba ya cin sa, kuma ban ga laifin masu saye ba. Tsoho ya sha cewa in zo ya nuna mini awon maɗaciyar, ni kuma ina can wurin carafke da 'yar gala-gala. Ya rasu ina aji biyu a sakandare. Na ɗauka akwai sauran lokaci.