Kamyon da Ya Sha Ruwanmu

Wata safiyar Alhamis ta bayan kaka, zamanin Nasara, ina ƴar shekara tara, na ɗauki ƙwaryar fura a ka, na riƙe hannun Inna, muka bi Baba zuwa bakin hanyar mota. Tun damina idanun Inna suke ciwo, gashin ido ya juya ciki yana sukarta, har ta daina gane tsakuwa cikin gero. Sai labari ya iso ƙauyenmu, can bayan Matankari, cewa wani lokotoron ido, wato likita, ya sauka Dogon Dutsi, kuma ba zai daɗe ba.

Hanyar nan, Baba da mazan garinmu ne suka yi ta da aikin dole, suna ɗaukar marmara a kwando, gardi na tsaye da bulala, haki kuwa na cin gonakinsu. Amma kamyon, babbar motar kayan da ke binta, ba shi da rana, ba shi da lokaci. Muka zauna gindin gawo tare da wani tsoho mai kumburarriyar ƙafa. Na yi carafke da tsakuwa har yatsuna suka gaji, na tara wa awakinmu ƴaƴan gawo, fura ta yi tsami, rana ta faɗi, ko ƙarar mota ba mu ji ba. A rugar wasu makiyaya muka kwana.

Washegari da azahar sai ga kamyon, cike da buhunan gujiya, an ɗaure raguna a bisa. Ya tsaya, muka miƙe da murna. Ashe inji ne ya yi zafi. Karen mota ya karɓi gorar ruwanmu ya juye a ciki.

"Shofer, don Allah, mace guda ta, idonta na mutuwa," Baba ya ce wa matuƙin.

"Babu wuri, malam. Kayan Nasara kumandan na."

"To ragunan ga hwa?"

"Su ma nashi na."

Ya tafi ya bar mu da gora wayam. Baba ya koma gida a guje ya aro jaki, muka bi yashi, ina jan igiya, Inna ta rufe fuska da zane. Da muka isa Dogon Dutsi washegari aka ce lokotoro ya wuce Doso da safe, kuma kamyon gujiyar nan ne ya ɗauke shi. Kafin wata damina Inna ta makance ƙurmus. Ni na koma kai ta rijiya, ni ke tsince mata gero, gaɗar dandali sai dai in jiyo ta daga cikin gida. Ba ta taɓa zagin shofer ba. Abin da take faɗi kawai shi ne, "Da jaki munka hau tun hwarko."

Yanzu kabu-kabu sun cika gari, jikokina ba su san jiran kwana ba. Amma da ruwa ya yanke hanyar ƙauyenmu, sai ka ga mai naƙuda kwance a amalanken jaki, ana ta leƙen hanya. Motoci sun yawaita, mai jira dai bai canza ba.