Hannun Yahuza Mai Dalma

Duk Mpape ba wanda ya kai Yahuza mai gyaran waya tattalin hannu. Ni Kande na sani, a ƙofar shagonsa nake suyar ƙosai. In na miƙa masa da zafi sai ya ce, "Iya, bari ya huce, da yatsun nan nake ci da iyali." In ce masa, "To, amarya!"

Daga ƙauye ya zo, ya yi dako, ya yi tallar caja, sannan ya koyi gyara. Abin alfaharinsa wata kwaɓaɓɓiyar dalma ce cikin 'yar kwalba. Ya ce garin ƙarfe ne da ido ba ya ganin ƙwayarsa, shi ya sa zafi kaɗan ke narkar da ita, ta liƙe ba tare da ta ƙona cikin waya ba. Aibinta ɗaya, irin tasa ba ta son jijjiga.

Masu fasa dutse suka kawo masa oba-obar da ake gargaɗi da ita kafin a tashi nakiya. Ya liƙe ta tsaf. A kunnena ya ce wa Manniru, shugaban leburori, "Oga, kada a rataye ta jikin injin haƙa."

Suka rataye ta can, don can suka saba.

Ran da liƙin ya tsage, aka yi ta kiran a ja da baya, oba-oba shiru. Dutse ya murƙushe Nazeer, ƙanin Manniru, ko shurawa bai yi ba.

Da la'asar leburorin suka zo, jini a rigar Manniru. Suka farfasa gilashin shago, suka jawo Yahuza waje. Na kurma ihu, na watsa musu ƙullu, wani ya hankaɗa ni cikin kwata. 'Yan banza, taron ƙarti kan mutum ɗaya! Yahuza ko fuska bai kare ba. Hannayensa ya cusa a hammata ya dunƙule.

"Ku fasa min kai," yake cewa, "don Allah ku bar hannun!"

Manniru na kuka ya ce, "Da wanne ka liƙe ta?"

Suka shimfiɗa na daman kan dakali, suka ɗaga gudumar fasa dutse.

Har yau raina ƙuna yake. Yahuza ya koma tallar caja a tire. Jiya ya tsaya wurina, ya sa wannan hannun ya ɗauki ƙosai a bakin kasko, mai na tsartsatsi. Na ce, "Kai, Yahuza, da zafi!"

Ya ce, "Bar shi, Iya. Ba na ji."