Kyandir ɗin da Kika Ba Ni, Maxine

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, ina tsaye ina wanke kofi wayar jikarki Paige ta shigo. Ba ta yi dogon bayani ba, ta ce, "Mama Dottie, Kaka ta tafi." Haka na ji labarin rasuwarki, Maxine Oberholt, kina da shekara saba'in da takwas, bayan jinyar wata huɗu. Daga ƙasa aka yi mu, ƙasa kuma za mu koma. Na ajiye kofin a inda yake, na nemi kujera na zauna.

Tsofaffin 'yan ƙungiyarmu sun ce ni zan rubuta ta'aziyyarki a mujallarmu, wai babu wadda ta san ki kamar ni. Gaskiya suka faɗa, har ma ta fi yadda suke zato.

A 1966 na zo jami'a daga gonarmu ta arewacin Ohio da akwati ɗaya da rigar fita guda. Da na shiga ƙungiyar 'yan'uwa mata ta ɗaliban jami'ar, aka ba ni ke a matsayin yaya, kamar yadda ake ba kowace sabuwa wadda za ta riƙe hannunta. Tun daga ranar ba ki sake kirana Dottie ba, sai Ƙarama. Ke kika ara mini rigar da na sa a liyafata ta farko, ke kika koya mini wane cokali ake fara ɗauka a teburin manya. Da mijina Gene ya rasu a 2003, kin yi tuƙin awa uku da tukunyar kaza da taliya a kujerar baya. Kin tarar da ni kwana tara ban tsefe kai ba. Kika ajiye makullai a gabana, kika ce, "Tashi, Ƙarama. Ina da 'yan mata arba'in da takwas da ba su san inda ake kashe murhu ba." Haka na zama mai kula da gidan ƙungiya, inda ɗalibanmu mata ke kwana, na samu ɗaki biyu a ƙasa da yara masu kirana Mama. Kin tsamo ni daga rami, wannan ba zan taɓa musunsa ba.

Shekara talatin da ɗaya kina shugabar kwamitin da ke riƙe da gidan. Duk watan Agusta, kafin ɗalibai su dawo, ke kike sa hannu a takardar kamfanin inshora, kina shaida cewa gidan yana bin ƙa'idodinsu. Wasu shugabannin sa hannu kawai suke yi, ke kuwa sai kin bi ɗaki ɗaki da littafinki mai ruwan ɗorawa. Kina danna kowace ƙararrawar hayaƙi da sandar tsintsiya, kina duba ranar da ke jikin tukwanen kashe gobara, kina leƙa ƙarƙashin gadaje ko an ɓoye hitar ɗumama ɗaki. 'Yan matan suka raɗa miki suna Sufeto, kina sane, kuma yana yi miki daɗi. Wata rana kin kama uku daga cikinsu sun fita ta taga sun kwanta a rufin baranda suna shan rana. Kika tsaya a ƙasa, hannu a ƙugu, kika ce, "Ku sauko, 'yan nema. Ranar da ke can sama ita ce a nan ƙasa, ba a canza ta ba." A hutun Kirsimeti, sa'ad da gida ba kowa, kina ratsa ƙanƙara ki zo ki taɓa bututun ruwa da hannunki don kada su daskare su fashe.

Shekara huɗu kika yi kina faɗa da kwamiti kan a saka famfunan feshin ruwa a rufin kowane ɗaki. Su sabon kafet suke so da sabon fenti. Kika ce musu kafet ba ya kashe wuta, kika ƙi sa hannu a komai har suka gaji suka bi ki. Waɗannan famfunan ne suka ceci gidan daga baya, kuma duk wadda ta kwana a cikinsa lafiya tana da dalilin yi miki addu'a.

Ke ce kuma kika hana kyandir. Duk wata 'yar ƙungiya ta san al'adar: idan an yi wa ɗaya baiko, ba ta gaya wa kowa, sai ta kai wa mai kula da gida kyandir a ɓoye, an ɗaura masa zoben da ƙyalle da furanni. Mai kula da gida ta kunna, 'yan mata su yi da'ira suna waƙa, yana zagayawa hannu zuwa hannu, har ya zo wurin mai shi ta hure. Da kamfanin ya rubuta cewa ba wuta a fili ko ta ƙwayar ashana a cikin gidan, kika sayo na roba mai batir. Yara suka yi ta gunaguni, wai ta yaya mutum zai hure batir. Kika ce su danna maɓalli, aure dai ba zai fasa ba. Na goyi bayanki a lokacin, ni na riƙa kwashe na ƙamshi daga ɗakunansu ina kulle su a kabad.

Sai ranar Lahadi, sha bakwai ga Afrilu, 2016, bayan abincin rana. Kin shigo kicin ta ƙofar baya da wani dogon kwali. A ciki akwai farin kyandir da aka zagaya da shi ranar naki baikon a 1968, rabinsa ya ƙone, da busassun furanninsa na wancan zamani, kin ƙara masa sabon ƙyalle da zoben baikon Paige, wadda a lokacin take cikin 'yan matan gidan.

Na ce, "Yaya, ke fa kika hana."

Kika ce, "Minti biyar ne, Ƙarama. Jikata ɗaya ce a duniya, ba za ta danna maɓalli kamar mai kashe talabijin ba."

"Takardar fa da kika sa wa hannu?"

"Takarda ba ta da ido. Karɓi mana, kin tsaya kina kallona."

Na karɓa. Kika fita ta inda kika shigo don kada a gan ki asirin ya tonu, kika zauna a mota kina jiran ki ji ihun murna. Ni na ƙyasta ashanar, ni na shiga falo da shi a gaban mutum arba'in da wani abu. A zagaye na biyu busassun furannin suka kama a hannun Tessa, yarinya 'yar shekara sha tara da ke koyon aikin jinya. Ta yarfe shi, ya faɗa kan labule, hannun rigarta ya riga ya kama. Famfunanki suka buɗe, wutar ta mutu kafin motar kashe gobara ta iso. Amma Tessa ta ƙone daga wuyan hannu zuwa gefen wuya, sau uku aka yi mata aiki.

Ranar Laraba kika zo ɗakina, kika rufe ƙofa, kika zauna a bakin gadona. Ban taɓa ganin kin yi kuka haka ba, ko a jana'izar mijinki. Kika ce idan kamfanin ya ji cewa wadda ta sa hannu ita ta kawo kyandir, zai janye, babu wani da zai karɓe mu, kuma gidan da ba shi da inshora rufe shi ake yi. Idan kuwa kuskuren ma'aikaciya ne, za su biya jinyar Tessa su gyara falo. Kika riƙe hannuna kika ce, "Ba zan tilasta miki ba. Idan kika ce a'a, gobe zan je in faɗi gaskiya. Idan kuma kika rufa mini asiri, na rantse da zarar abubuwa sun lafa zan wanke ki a gaban kowa." Na tuna tukunyar kaza da makullan nan, na tuna yaran da ke barci a sama, na ce to. Har wani alfahari na ji a raina, cewa yau ni ce ke tsamo ki.

Kwamiti ya sallame ni ina da shekara sittin da takwas, ke kika karanta takardar. Na kwashe kayana daga ɗakunan nan biyu. A wurin ajiye motoci na asibiti mahaifiyar Tessa ta tare ni, ta ce, "Amana na ba ki, tsohuwar banza." Na shiga motata na tafi. Aka daina aiko mini da katin liyafar shekara. Matan da muka yi kuruciya tare suka koma idan sun hango ni a kanti sai su duƙufa karanta bayan gwangwani. Tessa, wadda nake dafa wa shayi da zuma duk lokacin jarrabawa, ta mayar mini da wasiƙuna uku ba ta buɗe ba.

Ke kuwa duk Kirsimeti sai kin aiko mini da kek na tuffa. Idan na tambaye ki yaushe, sai ki ce bari a gama da lauyoyi. Aka gama, kika ce bari Paige ta yi aure. Ta yi, kika ce bari a sabunta takardar inshorar bana. Haƙuri dai aka ce maganin zaman duniya, na yi ta sha har shekara tara. A watan Fabrairu na je duba ki a asibiti, kin rame har zobenki yana juyawa a yatsa. Kika ce, "Na ajiye miki saƙo a ambulan, Ƙarama. Paige za ta ba ki." Na sumbaci goshinki, na fita ina gode wa Allah.

Bayan an binne ki Paige ta miƙo mini ambulan ɗin, na buɗe a mota. Babu wasiƙa zuwa ga kwamiti, babu ko layi ɗaya da ya ce ke kika kawo kyandir. Kwafin rahoton da kika aika wa kamfanin ne, wanda ban taɓa gani ba. A ciki kin rubuta cewa kwamiti bai san komai ba, cewa sau biyu kin gargaɗe ni a rubuce kan kunna wuta, cewa shekaru sun fara taɓa hankalina. Ƙarya ce, kin sani. Sai idona ya sauka a kan kwanan wata da hatimin karɓa: Litinin, sha takwas ga Afrilu. Kwana biyu ke nan kafin ki zauna a bakin gadona kina kuka kina cewa ba za ki tilasta mini ba. Ashe kin riga kin yanka ni, kika zo neman izinin ɗaukar wuƙa. A ƙasan takardar kin liƙa ɗan guntun rubutu da hannunki: "Na san za ki gane. Gidan yana nan tsaye."

Ban gane ba, Yaya. Kin ci amanata, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da kin tambaye ni tun ranar Lahadin, da na yarda. Ba ki bar mini ko ladan sadaukarwar ba. Har yau ban sani ba ko tuba ce ta sa kika bar mini wannan takarda, ko kuwa halinki ne na ajiye kowace takarda a wurin da ta dace.

Na nuna wa Paige. Ta karanta, ta yi kuka har ta kasa tayar da mota. Ta ce, "Kaka ce mini ta yi ke kika nace sai kin ɗauki laifin, wai kada in taɓa tayar da maganar in kunyata ki. Ki rubuta, Mama. Idan sun ƙi bugawa, ni zan miƙe in karanta a liyafa."

Na san abin da wannan rubutu zai iya jawo wa gidan, domin kamfanin ma mun yaudare shi, ni da ke. Shekara tara na tokare gidan nan da shiruna, yanzu masu kwamiti su tokare shi da gaskiya. Na ji suna shirin sa sunanki a lambar yabon da za a riƙa ba gidan da ya fi kiyaye lafiyar ɗalibai. Su sa, kin cancanta. Amma duk wadda za ta karɓa a gaya mata cewa Sufeto da kanta, da ta ga dokar ta zo kan jikarta, ta ce minti biyar ne.

Kafin in miƙa wa mujalla, Tessa na fara aika wa. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu ƙuna. Na rubuta mata a sama cewa ni na ƙyasta ashanar, wannan ba zan ɗora wa mamaciya ba. Jiya da hantsi waya ta yi ƙara, na ɗauka. Sai na ji an ce, "Mama Dottie?" Rabon da ta kira ni haka tun ranar gobarar.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarki Carol, da Paige da mijinta da 'ya'yansu, da dukan 'yan'uwanmu na ƙungiya, manya da ƙanana. Ku yi haƙuri da ni idan na ƙara muku nauyi a kan na rashi. Allah Ya ba ku dangana, Ya tsare gidan nan da duk mai kwana a cikinsa. Ke kuma Maxine, Ubangiji Ya jiƙanki, Ya duba rayukan da kika tsare, Ya yi miki rahamar da ta fi ƙarfin tawa. Wannan addu'a da zuciya ɗaya na yi ta.

Tawa yafiyar kuwa, Yaya, sai ki ba ni lokaci. Ni na ba ki shekara tara.

Dottie Brubaker, Ƙaramarki