Silifas Ɗin Baba A Gindin Giyar Mota

Edita, sallama a gare ka da masu karatu. A shekarun nan da rayuwa ta yi tsanani, fetur ya zama abin nema, tuwon dare ya koma sai gidan da Allah ya rufa wa asiri, ni saurayin bakanike ne a wani ƙauye kusa da Ɗanbatta. Babura da injinan niƙa nake gyarawa, amma in ka ji ni a majalisa sai ka rantse jirgin sama nake kwancewa. Ina da hannu, wannan kowa ya shaida, sai dai bakina ya fi hannuna sauri.

A bayan rumbunmu akwai wata tsohuwar mota ja, mai kujera biyu, marar rufi, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, sitiyarinta a dama. Mahaifina direban wani Bature ne mai sayen gyaɗa, da zai koma ƙasarsu ya bar masa ita. Ta yi shekaru ƙarƙashin rumfar kara, kaji suna ƙwai a kujerarta. A lokacin da wannan abu ya faru idon Baba ya riga ya rufe. Kullum bayan la'asar sai ya lalubo motar ya zauna, ya ɗora hannu kan sandar giya, ya yi ta ba ni labarin hanya. Yakan ce a lamba ɗaya tana gurnani, a biyu tana faɗa, a uku tana roƙo, amma in ta shiga huɗu sai ta yi shiru, ka ji kamar ƙasa ce ke tafiya kai kana zaune. Ni ma sai in rufe ido, in ga gonakin gyaɗa suna wucewa, iska ta ɗauke mana huluna ba wanda ya waiwaya. Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so in mayar da shi cikin wannan shirun ba.

Rani guda na yi ina gyaran motar. Na wanke kafireta, na sake fulogi, na ɗinke wayoyin da ɓeraye suka ci, har ranar da ta yi tari ta tashi, Inna ta fito da ludayi a hannu tana salati. Abu ɗaya ya rage: sandar giyar tana lilo kamar muciya a tukunyar da ba tuwo. Baba ya bayyana mini cewa a gindin sandar akwai wani ɗan ƙoƙo da take zama a ciki, wanda muke kira bushin, shi ne ya cinye. Ya ce ba a samun irinsa yanzu, sai dai in je Kano wurin masu fiƙe ƙarfe da inji su yanka mini na tagulla. Burinsa ɗaya ne, in riƙe sitiyari ina taka kuloci, shi kuma ya riƙa saka giya da kunnensa, daga ɗaya har huɗu, sau ɗaya kafin ya mutu. Tun kafin in je Kano na shelanta wa gari cewa ranar Juma'a za mu fita.

A Kano mai injin ya auna sandar, ya ce aikin minti talatin ne, amma rabonsu da wuta kwana tara, in ba shi mako biyu ko uku. Duk hanyar dawowa dariyar 'yan majalisa nake ji a kunnena. Ina shiga zaure na ga silifas ɗin Baba a bakin ƙofa, roba mai kauri irin ta da. Wallahi ban daɗe ina tunani ba. Na yanke dunduniyar ƙafa ɗaya, na naɗe, na cusa a gindin sandar, na shafe da giris na ɗaure da waya, sauran na jefa kan rumfa. Na gaya wa Baba tagulla ce. Ya kama sandar ya jijjiga, ya ce ya ji ta da ɗan taushi, amma tunda ni na gani da idona, shi ke nan. Da ya nemi takalminsa ya rasa, sai ya ɗauka a masallaci aka tafi da shi. Ya ce zamani ya yi wuya, ya yafe wa wanda ya ɗauka duniya da lahira.

Ranar Juma'a an yi yayyafi da safe, gero ya yi kore shar, ƙasa tana ƙamshi. Bayan an sauko daga masallaci muka bi burtali a hankali, jama'a na ɗaga mana hannu, har muka hau kwalta. Baba ya karkata kai yana sauraron injin, sai ya ce in taka, ya tura biyu. Can ya tura uku, ya ƙyalƙyale da wata dariya da ban taɓa jin ya yi ba. Bishiyoyin ɗorawa suka fara gudu da baya, rigarsa ta cika da iska, na ji kamar mafarkin nan namu na bayan rumbu ne bai ƙare ba. Ya ce in taka na ƙarshe. Na taka, ya ja sandar, sai ta faɗi sakaka a hannunsa. Injin ya yi ta ihu a banza, motar ta gangara ta tsaya a gindin wata kuka.

Baba ya sa hannu ƙasa ya zaro robar, ta yi zafi ta yi laushi. Ya goge ta da bakin riga, ya bi gefenta da babban yatsa, sai yatsan ya tsaya. Na manta cewa tun da idonsa ya rufe yake yi wa takalmansa tsaga uku a dunduniya, don ya gane su da lalube a ƙofar masallaci. Na so ya zage ni, na so ya mare ni. Abin da ya faɗa kawai shi ne, ya riga ya yafe wa wanda ya ɗauki takalmin, kuma yafiya ba a karɓe ta bayan an bayar. Da shanun noma aka ja mu zuwa gida.

Bayan kwana ashirin na kawo bushin na tagulla, ya zauna daram. Amma kafin nan ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, hannun da ke saka giya bai ƙara motsi ba. Ba a yi girbi da shi ba.

Masu karatu, musamman 'yan'uwana masu sana'ar hannu, in mutum ya ba ku amanar abin da ba ya iya gani, ku gaya masa gaskiya ko da gari zai kwana yana muku dariya. Da na jure kunyar mako uku, wataƙila da an dace, ko ba a dace ba da na rabu da shi ba ƙarya a tsakaninmu. Motar tana nan, giyarta lafiya ƙalau. Nakan fita da ita bayan ruwan farko, amma har yau ban wuce lamba uku ba.