Mai Askin da Ke Hura Ƙeya

Wai an ce taubashina mai aski ya yi atishawa ɗaya, mutum goma sha biyu suka zube, agogon bango ya tsaya. Ƙarya ce. Mutum biyar ne, kuma mura ce ta kwantar da su. Agogon kuwa tun bara ba batir.

Shekara ashirin yana aski a shago ɗaya, wanda in mutum huɗu suka zauna a benci, na biyar sai dai ya jira a waje. Taga guda ce, ya kafe ta da ƙusa ya manna hotunan aski a kai. Ƙofar gilas kullum a rufe, wai shagon manya. Abin taƙamarsa kuwa, ba ya taɓa buroshi. In ya gama sai ya cika kumatu ya hura ƙeyar mutum, fuu, ya zagayo ya hura goshi.

Da mura ta kama shi bai fasa ba. Cikin mako guda benci ya zama wayam. Tela ya kwanta, direba ya kwanta, tsoho mai gyaran rediyo, wanda bai taɓa kai kansa aski wani wuri ba, sai da aka kai shi asibiti. Sauran suka koma shagon tsallaken titi. Gogan naku ya rantse hannu aka sa masa.

Yayarsa, wadda nas ce, ta zo ta ce, "Hura madubin nan."

Ya hura. Madubi ya jiƙe ɗigo-ɗigo.

"To ga mai sa maka hannun. Wannan feshin kake ɗura wa mutane a hanci. Ragowar na yawo a ɗaki, fanka na raba wa kowa, ba ta inda zai fita."

"Haba Yaya, iska ce fa kawai."

"Iskar da ke jiƙa madubi?"

Ranar ya zare ƙusoshin taga. Ya yi kwana huɗu a gida, ya dawo da buroshi da takunkumi. Tsohon ne ya fara dawowa, da sharaɗin a ja kujera bakin taga. Har yau in ya gama aski sai ka ga takunkumin ya kumbura, sannan ya tuna.

Na leƙa na ce, "Taubashi, an ce asibiti za su ba ka lambar yabo, ka cika musu gadaje."

Ko ɗagowa bai yi ba.

"Ni ƙyalle ɗaya ya ishi bakina. Naka ko da bargo aka ɗaure sai ya yi feshi. Yi maganarka daga waje."